Darasin fili: yadda ake neman maciji mai tagwayen ɗigo a duwatsun Chiricahua

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da yadda nake haki, tun bayan sallar asuba muke hawa, kuma iskar nan sama ba ta cika ƙirji kamar ta ƙasa. Yanzu ƙarfe takwas saura kwata, farkon watan Agusta, muna kan duwatsun Chiricahua a kudu maso gabashin jihar Arizona ta Amurka, ba nisa da iyakar Meziko. In za ku faɗi sunan ku ce Cirikawa, haka mutanen nan ke furta shi. Na'urata ta nuna mun haura mita 2,500 daga doron teku. Don ku iya ƙiyastawa, Jos tana wajen mita 1,200, Chappal Waddi na Taraba kuwa, wanda babu dutsen da ya kai shi tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne. To mun ɗara shi. Kuma a irin wannan sanyin ne muka zo neman maciji.

Wanda muke nema sunansa na kimiyya Crotalus pricei. Crotalus ɗin daga wata kalmar Girkanci aka samo shi mai nufin abin kaɗawa, shi ya sa ni nake ce wa danginsu duka macizai masu caki, saboda abin da ke ƙarshen wutsiyarsu. Shi kuma wannan na laƙaba masa mai tagwayen ɗigo, za ku ga dalili in Allah ya sa mun same shi. Wani masani John Van Denburgh ne ya raɗa masa suna a 1895, ya sa masa sunan William Price, mutumin da ya tattaro samfurinsa a duwatsun Huachuca, can yamma da mu. A duk Amurka, a Arizona kaɗai ake samunsa, a jerin duwatsu huɗu: nan Chiricahua, da Huachuca, da Santa Rita, da Pinaleño. Sauran 'yan'uwansa suna Meziko, a kan duwatsun Sierra Madre, a jihohi irin su Sonora, Chihuahua, Durango.

Kayan aiki ba sai na tsaya a kansu ba, mun yi wannan a darasin baya. Takalmi mai rufe idon sawu, abin kare ƙwauri, madubin hangen nesa, kyamara mai zuƙowa, littafi da fensir, ruwa, da ma'aunin zafi irin na bindiga ɗin nan da aka riƙa saita mana a goshi lokacin korona. Abin da ba za ku gani a jakata ba shi ne sandar ƙugiya. Na bar ta a mota da gangan. Dokar Arizona ta hana kamawa ko taɓa wannan maciji, shi da wasu masu caki guda uku, sai ga mai takardar izini ta bincike. Yau aikin ido muka zo yi.

Ɗan'uwa, juya kyamarar nan ka nuna musu gangaren. Yauwa, ɗan ɗaga sama.

Kun ga wannan? Duwatsu ne fasassu, wasu kamar kan mutum, wasu kamar turmi, sun zubo daga jikin tsaunin sun malale gangaren, babu ƙasa a tsakaninsu, babu itace sai a gefe. Ni malalar duwatsu nake ce mata. Mai wucewa zai ce kufai ne. Amma ku tuna maciji ba ya haɗa zafin jikinsa da kansa kamar ni da ku, aro yake yi daga abin da ya kwanta a kai. A malala irin wannan, saman dutse yana iya yin zafin da ba ka iya dafa shi da tafin hannu, ka zura hannun kamu ɗaya ƙasa... a'a, kada ku zura, misali nake yi, kada wanda ya zura hannu a nan. Ina nufin kamu ɗaya ƙasa da wannan dutsen akwai ɗumi-ɗumi, kamu uku ƙasa akwai sanyi kamar cikin randa. To shi ba ya buƙatar tafiya mai nisa. Yana son zafi ya hau, ya ishe shi ya sauka. Da hunturu kuma, lokacin da dusar ƙanƙara ke rufe nan, sai ya nutsa can ƙasa inda sanyin ba ya kaiwa ya daskarar da shi. Duk rayuwarsa hawa da sauka ce a cikin wannan tarin.

Saboda haka abu na farko, kafin ku nemi maciji ku nemi rana. Ina take fara sauka? Nan gefen gabas ya samu rana tun ɗazu, wancan ɓangaren har yanzu inuwar itatuwa ce a kansa. Za mu bi bakin inda hasken ya kai, muna tafiya da shi. Kuma a gefe za mu bi, ba ta tsakiya ba. Dalili biyu ne. Duwatsun nan ba a kafe suke ba, kana taka ɗaya goma na motsi, shi kuma motsin ƙasa yake ji a jikinsa tun kana nesa, ya sulale. Na biyu, wanda ya fi damuna, dutsen da ya gangaro ƙarƙashin ƙafarka yana iya danne wanda ke kwance a ƙasansa. Ku zaɓi manya waɗanda suka zauna daram, ku taka, ku tsaya, ku duba, sannan ku ƙara taku.

Ga alama ta biyu can. Zuƙo shi. Kun ga ƙadangaren nan mai baƙin wuya kamar ya ɗaura gyale, da ɗan farin layi a bakin baƙin? Dubi yadda yake ɗaga ƙirji yana saukewa, sak jan gwada a kan katangar gida. Sceloporus jarrovii ke nan. In kun ga shi da yawa a malala, ku sa rai, domin shi ne tuwon macijin nan, mafi yawan abin da yake ci ke nan. Yakan taɓa ɓera ƙarami ko ɗan tsuntsu in ya samu, amma ƙadangaren nan ne abincin yau da gobe. Kuma wani abin ban sha'awa, shi ma ƙadangaren ba ya yin ƙwai, haihuwa yake yi. Yana zuba 'ya'yansa wajen watan Yuni, macijin kuma ya haihu a Yuli zuwa Agusta. Wato jariran maciji suna fitowa duniya su tarar da 'yan ƙadangaru daidai bakinsu suna yawo a kan dutse. Ikon Allah.

Yanzu zan rage magana, ku ma ku kasa kunne. Mutane suna zaton za su ji irin ƙarar da suke ji a fim, wadda ke cika daji. Wancan na manyan ne na ƙasa, na cikin hamada. Wannan cakinsa bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba, ƙararsa kamar kukan gyare ce, siririya, in iska na kaɗawa ko kana hira ba za ka ji ba sam. Shekarata ta farko na sha wuce su ina cewa ƙwari ne.

[shiru, ƙarar iska]

Tsaya. Tsaya nan, kada ka ƙara taku. Ka ji? Ƙasa da dutsen nan mai fari-fari, hagu. A'a, hagunka. Ya shige. Na ga wutsiya kawai. To kun ga halinsa ke nan, sau da yawa sai yana shigewa rami yake kaɗa cakin, ka ji ƙara tana nutsewa ƙarƙashin ƙafarka. Ba za mu ɗaga dutsen ba. Ko da wasa ba a ɗaga dutse a nan. Mu rubuta lokaci, mu rubuta an ji an ga wutsiya, mu ci gaba.

[bayan mintuna ashirin]

Alhamdulillahi. Jama'a ga shi. Ɗan'uwa, sannu a hankali, durƙusa a inda kake, kada inuwarka ta faɗa kansa. Inuwa tana saurin korarsu, domin a wurinsa inuwar da ta gifta daga sama shaho ne.

Ku dube shi da kyau. Ya naɗe kamar gammo a bakin tsaga, rabin jikinsa a rana, rabi a inuwa. Gammon duka bai fi tafin hannuna ba. In ya miƙe bai wuce santimita 50 zuwa 60 ba, kuma wannan babba ne a wurinsu, kaurinsa kamar babban yatsa. Launinsa toka-toka mai ɗan shuɗi, daidai da dutsen, har da ɗan ja-ja a gefe. Yanzu bi min tsakiyar bayansa da kyamara. Kun ga ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa, layi biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, suna tafe kafaɗa da kafaɗa tun daga wuya? Tagwayen ke nan. Wajen wutsiya sukan haɗe su zama ɗamara, wani lokaci ma a tsakiyar baya za ku ga biyu sun manne sun zama kamar malam-buɗe-littafi. Kada wannan ya ruɗe ku. Ga kuma baƙin layi ya taso daga bayan ido ya gangara kusurwar baki kamar an ja masa kwalli.

Akwai maƙwabtansa da ake rikita su da shi. Crotalus lepidus, shi ma ƙarami ne mai son dutse, amma nasa zanen ɗamara ce baƙa mai faɗi, tsakanin wata da wata da tazara. Crotalus molossus kuwa yana hawowa har nan, amma babba ne, wutsiyarsa baƙa wuluk, ba za ka ma rikita su ba. Wannan ya isa, mu wuce.

Zuƙo fuskar. Tsakanin ido da hanci, ɗan ƙasa kaɗan, akwai rami. Ba hanci ba ne, hancin yana gaba. Wannan ramin da shi yake jin zafin abin da ke gabansa, ko cikin duhu. Kasa da kububuwa na gida danginsu ɗaya da shi a babban gida, duka masu dogayen fiƙoƙi ne da ke naɗewa cikin baki, amma su ba su da wannan ramin. Kuma babu mai caki ko ɗaya a Afirka, nahiyar Amurka kaɗai Allah ya ajiye su. Kububuwa in za ta yi gargaɗi jikinta take gogawa da juna, ka ji kamar ana zuba ruwa a mai mai zafi. Kasa huci take yi. Shi wannan wutsiya aka ba shi.

To yanzu ga inda nake so mu daɗe, domin nan ne na taɓa yin asara, kuma na ga ɗalibai da yawa suna maimaita ta. Auna zafi.

Kowa ya san yadda ake yi, ka saita, ka danna, lamba ta fito. Ka ga jan ɗigon haske a jikin maciji, sai ranka ya ba ka zafin wannan ɗigon ka auna. Ba haka ba ne. Jan ɗigon nuni ne kawai, yana gaya maka wajen da bakin na'urar ya dosa. Abin da take aunawa da'ira ce, kuma da'irar tana faɗaɗa gwargwadon nisanka, kamar hasken tocila a bango. Ku juya na'urarku, a gefe ko a ƙasa za ku ga an rubuta lambobi biyu, galibi 12:1. Ma'anarsa, in kana nesa da abu santimita 12, da'irar faɗinta santimita 1. In ka koma santimita 120, ta zama santimita 10. In ka kai mita biyu, ta kusa santimita 17. To macijin da kaurinsa bai fi santimita biyu ba, ka tsaya mita biyu ka harba masa, me ka auna? Dutse ka auna, da ɗan maciji a tsakiya. Na sake faɗa: jan ɗigon yana kan maciji, lambar kuwa ta dutse ce.

Damina guda cur na yi ina cika littafi da irin waɗannan lambobin. Ina murna na tara bayanai. Ranar da na kai wa malamina, ya duba shafi biyu, ya tambaye ni daga wane nisa nake aunawa. Na faɗa masa. Ya ɗauki fensir ya zana min da'irar a takarda, ya zana macijin a ciki kamar zare. Ranar ban iya cin abinci ba. Duk hawan da na yi, duk sammakon, lambobin zafin jiki ba su da amfani. Shi ya sa nake nanata muku.

Yadda nake yi yanzu. Na farko, ba na aunawa sai ya yi gammo, kamar yadda wannan ya yi, domin gammon ya kusa cika da'irar. Na biyu, nisa ɗaya nake tsayawa kullum, santimita 120, na auna shi a jikin sandar tafiyata na ɗaura zare a wurin, ga shi. Wannan nisan ya wadatar ga ɗan maciji irin wannan, saransa ba ya kai rabin haka. Na uku, ba na kai jan hasken kusa da kansa, ido ne, yana cutarwa. Bayan gammon nake nufa. Bari in gwada. Ashirin da... tsaya, af, tana kan ma'aunin Amurkawa ne, ta ba ni 80 da wani abu. Bari in mayar da ita Salshiyos. Kullum ku duba wannan kafin ku rubuta, maɓallin yana dannuwa a cikin jaka. Yauwa. Digiri 27. Yanzu dutsen da ke rana kusa da shi, 31. Bakin tsagar, cikin inuwa, 18. Iska kuma, wannan da ɗayan ma'aunin ake yi, na rataye a jaka, kada ku harba bindigar sama ku ce kun auna iska, 17.

Kun ga labarin da lambobi huɗun nan suka bayar? Iska 17, jikinsa 27. Digiri goma ya ci riba, da kwanciya kawai a inda ya dace. In kuna da hali ku sayi mai 30:1, tana ba da da'irar santimita 5 daga mita ɗaya da rabi, ta fi tsada amma ta fi kwanciyar hankali. Lambar nan kuma da ake saitawa ta yadda abu ke fitar da zafi, ku bar ta a 0.95, kada ku taɓa. Kuma a littafi ku rubuta zafin fata, kada ku rubuta zafin jiki, domin na ciki daban ne, sai an kama ake saninsa.

Ya ɗan motsa. Bari mu ga wutsiyar... Jama'a, ina ta cewa shi, shi. Ku gafarce ni, ita ce. Dubi rabin jikinta na baya yadda ya cika, fatar ta miƙe har ana ganin tsakanin ɓawon. Ga wutsiyar gajera, ta tsuke lokaci guda. Namiji wutsiyarsa ta fi tsawo, kuma a hankali take sirancewa. Wannan mace ce, kuma ga dukkan alama ciki gare ta, ya tsufa. Ba zan rantse ba tunda ban taɓa ta ba, abinci ma yana kumbura ciki, amma kumburin abinci dunƙule yake a wuri ɗaya, wannan kuwa ya bi jiki. A littafi zan rubuta mace, da alamar ciki.

Wannan ya bayyana mana dalilin da ya sa ɗazu wancan ya gudu, ita kuwa ta zauna. Mai ciki tana buƙatar zafi fiye da kowa, domin ɗumin da ta tara shi ke gina 'ya'yan. A wuri mai sanyi irin wannan, da ƙwai za ta binne a ƙasa, ba za su samu zafin ƙyanƙyashewa ba. Sai ta zama ita ce sheƙar, tana ɗauke da su daga inuwa zuwa rana. Duk masu caki haihuwa suke yi, kamar kasa. Kububuwar gida kuwa ƙwai take yi. Amma kasa tana iya zuba 'ya'ya talatin ko fiye, wannan baiwar Allah daga uku zuwa tara ne, kowanne bai fi tsawon fensir ba. Kuma abin yana ɗaukar lokaci. Barbara da damina ake yi, ta ajiye maniyyin a jikinta ta shiga hunturu da shi, sai bazara cikin ya kama, ta haihu damina mai zuwa. Yawanci ba kowace shekara take haihuwa ba, sai ta huta ta mayar da kitse. Ku riƙe wannan lissafin, zan dawo kansa.

Cakin kuma, tunda ga shi a fili. Abin da aka yi farcenku da shi, da ƙaho, da kofato, da shi aka yi shi. Babu tsakuwa a ciki, ba kamar cakin makaɗa ba. Ƙananan ƙoƙuna ne busassu, kowanne ya saƙale a cikin na gabansa sako-sako, in ta girgiza sai su riƙa bugun juna. Duk lokacin da ta yi saɓa sai ƙoƙo ɗaya ya ƙaru daga gindi. To nan ne mutane ke cewa ƙirga ƙoƙunan ka san shekaru. Ba gaskiya ba ne. Tana iya yin saɓa fiye da sau ɗaya a shekara, yara ma sun fi yawan yi, sannan na ƙarshen suna karyewa, balle mai rayuwa cikin tsagar dutse. Abin da za ku duba a hoto shi ne siffa. In cakin ya tafi yana tsukewa har ya ƙare da ɗan maɓalli mai santsi, to bai taɓa karyewa ba, kuma mai shi yana kan girma. In ƙoƙunan duk girmansu ɗaya, ƙarshen a gutsure, babba ce ta daɗe. Na wannan, ɗaya, biyu, uku... shida nake gani, a'a biyar, na gindin ba a ƙirga shi da su, shi ne mai rai. Biyar, kusan kai ɗaya, ƙarshe a karye. Uwa ce ta gaske.

Littafin nan da kuke gani, da yawa kun tambaye ni wane iri ne a ƙarƙashin bidiyon baya. Rite in the Rain ne, ruwa ba ya jiƙa takardarsa. Ba su biya ni ko sisi ba, ni dai na gwada shi cikin ruwan sama ya yi min. Amma littafin makaranta ma ya isa in kun sa shi a leda, kuma da fensir, biro yana zuba.     Duk abin da na nuna yau na auna zafi, a kan jan gwada za ku iya koyonsa, ba sai kun zo Arizona ba.

Mu koma kan lissafin da na ce ku riƙe. Kun lura tun da muka fara ban faɗi sunan wannan gangaren ba, kuma na hana a ɗauki kan tsaunin. Akwai masu zuwa su sace macizan nan su sayar wa masu tara dabbobi a gida, saboda ƙanana ne, kyawawa, kuma doka ta hana. Wa suka fi samu? Wanda ke kwance a fili bai gudu ba. Wato irin wannan. Mutum ɗaya ya sa ta a jaka, ya tafi da ita da 'ya'yan cikinta da wahalar shekara biyu. Kuma ba a kawo wasu daga wani wuri su cike gurbin. Tsaunukan nan ana ce musu tsibiran sama, domin kowanne hamada ce ta kewaye shi kamar ruwa. Tun da duniya ta ɗumama bayan zamanin ƙanƙara na ƙarshe, sama da shekara 10,000, dajin sanyi ya janye ya hau kan duwatsu, su ma suka bi shi. Wanda ke nan ba zai iya ratsa zafin ƙasa ya je Huachuca ba. Ba a cika ganinsu ƙasa da mita 1,900 ba, sama kuma dutse yana da iyaka. Ga gobara. Kututturan nan baƙaƙe da muka wuce a hanya, na gobarar Horseshoe 2 ne ta 2011, wadda ta cinye sama da eka 200,000 a duwatsun nan.

Don haka in za ku ɗora hoto, wayarku takan liƙa wa hoto ainihin wurin da aka ɗauke shi, ku cire wannan tukuna. In a iNaturalist ne, manhajar nan da ake ɗora hotunan dabbobi da tsirrai, wajen saka wuri akwai zaɓin da ke dusashe shi, jama'a su ga akwati mai faɗin kusan kilomita 20 maimakon ɗigo. Shi za ku zaɓa. Ainihin lambobin wurin su zauna a littafinku.

Wani zai tambaya, in ta sare ka fa? Dafinta kaɗan ne in an gwada da na manya, amma dafi ne, yana kumbura hannu ya yi ciwo mai tsanani, kuma daga nan zuwa asibiti tafiya ce. Kusan duk wanda irin wannan ta sara, hannu ya kai mata. In tsautsayi ya faɗa, a cire zobe da agogo, kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a tsotsa, a nufi asibiti, a nan suna da maganin dafi irin su CroFab. Wannan maganar har gida take. Mutanenmu na Kaltungo da kewaye sun san abin da kububuwa ke yi wa manoma, kuma abin da ke ceton rai shi ne isa asibiti da wuri a samu allurar dafin, ba ɗaurin tsumma ko baƙin dutse ba. Na rasa ɗan'uwa ta wannan hanyar ina yaro, kwana biyu ana jiƙe-jiƙe a gida kafin a tafi da shi. Allah ya jiƙansa.

Ta fara janyewa. Kun gani, dutsen ya yi mata zafi, bari in sake aunawa... 36 yanzu. Ba mu muka kore ta ba, ko cakin ba ta kaɗa mana ba. Dubi yadda take zura kai cikin tsagar, jikin na bi a hankali, ga nauyin bayan nan. Ƙarfe tara da minti goma. Rubuta min, hannuna da na'ura: ta shiga da kanta, dutse 36.

Ɗan'uwa, dubi kudu. Gajimaren nan da ɗazu yake kamar auduga ya fara yin baƙin gindi. Daminar nan haka take, safiya garau, kafin azahar tsawa, kuma ba a son aradu ta samu mutum a kan buɗaɗɗen dutse. Muna da kamar awa ɗaya. Za mu duba gefen can na yamma da rana ta isa yanzu, in an dace ku gani a kashi na biyu, har da yadda nake jera lambobin nan a kwamfuta. Ɗauko jakar, ka bi ta kan manyan duwatsun da muka hawo, kada ka yanke ta tsakiya. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.